Leroy za a hana, ko hannun yaron za a ɗaure?

"Assalamu alaikum Yaya. Ina da ɗan shagon gem a Unguwar Rogo, nan Jos, da PS4 guda uku. Muna shirin gasar Tekken 7 bayan Sallah, mutum 32, kowa zai biya kuɗin shiga. Matsalar ita ce akwai wani yaro da ke ɗaukar Leroy, ɗaya daga cikin jaruman gem ɗin, kusan wata biyu ke nan babu wanda ya tashe shi daga kan benci. Yanzu yara sun rabu biyu. Wasu sun ce a hana ɗaukar Leroy kwata-kwata. Wasu sun ce a bar shi, amma a sa doka kada kowa ya maimaita duka ɗaya fiye da sau uku a jere, kuma kada a bugi wanda ya faɗi ƙasa. Har akwai masu cewa in ba a yi ɗaya daga ciki ba, ba za su biya ba. Wanne ya fi adalci?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa sana'a albarka. In na fahimce ka da kyau, abin da kake tambaya shi ne: idan abu ɗaya ya gagari kowa a gasa, jarumin ake cirewa daga jerin waɗanda ake ɗauka, ko kuwa mai riƙe da hannun gem ake gindaya wa sharaɗi a ce ga abin da ba zai yi ba? Na daɗe ina alƙalanci a ƙananan gasanni a garin nan, tun lokacin da Tekken 3 ke kan PS1 ana kuka da ƙafafun Eddy Gordo, kuma kusan duk shekara sai wannan rigimar ta dawo da sabon suna. Cikin zaɓi biyun da ka kawo, dokar hana maimaita duka da hana bugun na ƙasa ita ce mafi haɗari, kada ka kuskura ka sa ta. Hana Leroy kuwa ya rataya ne a kan wani abu da za ka iya dubawa yau da daddare bayan ka rufe shago.

Wane Leroy ne a cikin injinka?

An saki Leroy Smith a Tekken 7 a watan Disamba na 2019. Wata guda bayan haka, a Janairun 2020, aka yi gasar EVO ta Japan, reshen babbar gasar gem ɗin faɗa ta duniya, kuma cikin mutum 8 na ƙarshe, 6 da Leroy suka buga. Wanda ya ɗauki kofin, Book ɗan ƙasar Tailan, shi ma da Leroy ya ɗauka. Ka lura da su waye waɗannan mutanen: gwanaye ne da suka yi shekaru suna goge hannu da jarumansu, amma suka ajiye su suka rungumi wani da bai kai wata biyu da fitowa ba, domin sun ga in ba su yi haka ba gida za su koma. Ba da jimawa ba bayan gasar, kamfanin Bandai Namco mai gem ɗin ya fitar da gyara ya rage masa ƙarfi, daga baya ma ya ƙara ragewa.

Ke nan Leroy biyu ne a duniya, na farkon fitowa da na bayan gyara. Wannan ya shafe mu a Jos fiye da yadda ya shafi ɗan Tokyo, saboda yawancin injinan shagunanmu ba su taɓa ganin intanet ba. An kai su wajen masu loda gem a Terminus ko Ahmadu Bello Way, an zuba abin da ke hannu a ranar, shi ke nan, a haka suke har yau. Na taɓa shiga shago a Bukuru na tarar ana buga Tekken ɗin da sauran duniya suka bari shekaru da suka wuce, masu shagon kuma ba su san an yi wani gyara ba. Don haka ka buɗe wurin zaɓen jarumai ka duba. In ka ga Kunimitsu, wadda ta zo a Nuwamban 2020, ko Lidia da ta zo a Maris na 2021, to Leroy ɗinka wanda aka riga aka rage wa ƙarfi ne. In babu su, akwai yiwuwar tsohon ne, kuma koken yaran na da tushe. Ka duba injinan uku duka, ɗaya bayan ɗaya, don ba lallai ne su zama iri ɗaya ba.

In tsohon ne, maganin farko shi ne a sabunta gem ɗin, a bar masu shi su yi aikin da suka riga suka yi. In hakan ya gagara kafin ranar gasa, to hana shi abu ne da za ka iya karewa a gaban kowa, ka ce ga abin da ya faru a 2020, ga kuma dalilin da ya sa kamfanin da kansa ya gyara shi. In kuwa sabon ne, maganar ta koma wani wuri daban.

Ƙarfi daban, ɓata wasa daban

Babu gem ɗin faɗa da jarumansa suka zo daidai wa daida. Dole wani ya fi wani. Abin da ake tambaya kafin a hana jarumi shi ne ko kasancewarsa ta kashe wasan gaba ɗaya. Misalin da kowa ke komawa gare shi shi ne Akuma a Super Street Fighter II Turbo na 1994. Ɓoyayyen jarumi ne da sai an danna wasu maɓallai a jere yake fitowa, kuma yana jefa wuta daga sama yana cikin tsalle, alhali yawancin sauran jaruman ba a gina su da wata amsa ga wannan ba. A Amurka an hana shi a rubuce. A Japan ba a rubuta ba, amma manyan 'yan wasa suka yi wata irin yarjejeniya ta kunya, ba mai ɗaukarsa a gasa. Hanya biyu, sakamako ɗaya, domin kowa ya yarda in aka bar shi, gem ɗin ya zama Akuma da Akuma.

Sai ka kwatanta da Marvel vs. Capcom 2 na shekarar 2000. Jarumai 56 ne a ciki, amma a manyan gasanni kusan kullum Magneto da Storm da Sentinel da Cable ake gani. Ba a hana ko ɗaya ba, kuma an yi kusan shekara goma ana buga shi a EVO ana cika zaure, saboda tsakanin waɗannan 'yan kaɗan ɗin akwai wasa mai zurfi da gwani ke bambanta da ɗan koyo. Haka Chun-Li a Street Fighter III: 3rd Strike, kowa ya san ta fi yawancin jaruman. Da an hana ta, da ba a ga abin da ya faru a EVO na 2004 ba, lokacin da Daigo Umehara, da Ken ɗinsa saura ɗigon jini (wato ma'aunin ran jarumi a gem), ya kaɗe duka 15 na Chun-Li ɗin Justin Wong ɗaya bayan ɗaya sannan ya juyo ya gama da shi. Har gobe ana kallon wannan bidiyon. Kai, ita kanta kwambo, wato jera duka ba tare da abokin karawa ya samu damar tarewa ba, ba da gangan aka tsara ta ba a Street Fighter II na 1991. Abu ne da ya ɓullo a cikin aikin aka bar shi, kuma da a ce masu kuka a lokacin sun yi nasarar hana ta, da Tekken ɗin da kuke bugawa yau ba haka yake ba.

David Sirlin, wanda ya yi gasa da Street Fighter kuma daga baya ya jagoranci gyaran ƙarfin jarumai a sabuwar sigar gem ɗin mai suna HD Remix ta 2008, ya kawo ma'auni uku da nake amfani da su har yau. Duk abin da za a hana, sai ya zama ana iya tabbatar da hanin a aikace, sai ya zama yana da iyaka bayyananna da kowa zai gane an tsallake ta ko ba a tsallake ba, sannan sai ya zama ya cancanci a hana shi. Hana jarumi yana cika biyun farko cikin sauƙi: ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba, yaro ɗan shekara bakwai ma zai iya alƙalancin wannan. Wahalarsa tana wajen na uku. Hana dabara kuwa yawanci a biyun farkon yake faɗuwa.

Abin da dokar "sau uku" ta jawo mini

Na taɓa sa wannan dokar da hannuna, a wata gasa da muka yi a wani ɗan zaure kusa da Bauchi Road, lokacin sanyin Disamba. An matsa mini lamba kamar yadda ake matsa maka, a kan wani mai ɗaukar jarumi Paul da ba ya komai sai wannan naushin nasa mai cin kusan rabin jini. A wasan kusa da na ƙarshe ya saki naushin sau uku, ya ɗan ja da baya taku ɗaya, ya tsuguna, ya sake saki na huɗu, ya ci turmin. Zauren ya kaure. Ɓangare ɗaya na cewa sau huɗu ne a jere, ɗaya ɓangaren na cewa ai ya tsuguna a tsakani, lissafi ya koma farko. Wani ya ce na biyun bai taɓa jiki ba, don haka bai shiga ƙidaya ba. Ni da ke tsaye a bayansu da takarda a hannu, ban da amsa, domin dokar da na rubuta ba ta faɗi komai a kan tsuguno ko dukan da ya wuce iska ba. Muka ɓata fiye da rabin awa janareta na shan mai, aka sake wasan, wanda aka ci da farko ya ci, kuma yaron nan mai Paul bai ƙara zuwa gasarmu ba. Ina ganin laifina ne, kuma har yau abin na damuna, don yaron bai karya wata doka da aka rubuta ba.

Ko da a ce ka samu alƙali mai idon shaho, dokar tana lalata wasan ta wata hanyar. Gem ɗin faɗa cacar tunani ce: sama zai kawo ko ƙasa, kamu zai yi ko naushi. In na san ka yi abu sau uku kuma doka ta hana ka na huɗu, to ka faɗa mini rabin abin da ke zuciyarka kyauta. Sannan wanda ake ci da duka ɗaya sau goma, dukan ba shi ne matsalarsa ba. Tekken na tafiya a kan hoto 60 cikin daƙiƙa ɗaya, naushi mafi sauri yana fita a cikin 10, kuma manyan dukan da ke cin jini da yawa galibi in ka tare su suna barin mai su a buɗe na ɗan lokaci da za ka rama. Wasu kuma kauce musu gefe ake yi, wasu a tsuguna su wuce ta kai. Maimaitawa tambaya ce ake yi maka, in ba ka da amsa za a ci gaba da yi maka ita.

Dokar hana bugun na ƙasa ta fi wannan muni. Na san daga ina ta fito: a dambe in mutum ya taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, kuma a tarbiyyarmu abin kunya ne ka bi wanda ya faɗi da duka. Amma Tekken an gina shi ne da faɗan ƙasa a ciki. Wanda ya faɗi yana da zaɓi, ya mirgina gefe, ya mirgina baya, ya taso da shuri, ko ya yi lamo. Ka yi tunanin abin da zai faru in ka hana taɓa shi. Turmi daƙiƙa 60 ne. Duk wanda jininsa ya fi yawa, da zarar an kayar da shi sai ya yi kwanciyarsa har agogo ya cika, ya ci. Jarumi Lei Wulong kuwa da gangan yake kwanciya, daga kwancen yake faɗa, Eddy ma yana da salon da yake shimfiɗewa a ƙasa. Ka ga ka gudu daga Leroy ka ƙirƙiro dodanni biyu da hannunka.

Inda hana dabara ya yi aiki, da inda ya gaza

Ba ina cewa ba a taɓa hana dabara aka dace ba. Masu kallon ƙwallo sun san bayan gasar cin kofin duniya ta 1990, inda ɓata lokaci ya yi yawa, a 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan bayansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Ba a kori wata ƙungiya ba, abu ɗaya aka cire, kuma lafari na ganinsa da ido. A gem ɗin faɗa na Super Smash Bros. Melee akwai wani kamu na jarumai Ice Climbers da in suka riƙe ka ba ka da hanyar kuɓuta har sai an kashe ka. An yi shekaru ana jayayya, daga 2019 manyan gasanni da yawa suka hana shi, jaruman kuma suka ci gaba da zama halal. Ya yi aiki ne saboda kamun a fili yake, yana ɗaukar lokaci, ba ya kama da wani abu daban.

Amma dubi Meta Knight a Super Smash Bros. Brawl na 2008. Maimakon a hana shi, sai aka yi ta kewaye shi da dokoki: aka ƙayyade sau nawa za a iya rataya a bakin dandali, aka hana wata dabarar ɓacewa da alkyabbarsa, aka cire wasu filayen da yake cin karensa babu babbaka a cikinsu. Dokar ratayar ta tsaya da ƙafarta ne kawai saboda gem ɗin da kansa yana ƙirgawa ya nuna a ƙarshen wasa. Duk da haka ya ci gaba da mamaye gasanni, har wani kwamitin masu shirya gasa a Amurka ya hana shi daga Janairun 2012, wasu manyan gasanni suka ƙi bin hanin, abin ya watse. Sai kuma Steve a Super Smash Bros. Ultimate. A farkon 2023 aka gano wata dabara da ke ba shi damar kuɓucewa daga duka ya rama a lokacin da sauran jarumai ba za su iya motsi ba. Wasu gasanni suka hana dabarar kawai, wasu suka hana Steve ɗungurungum, kuma hujjar na biyun ita ce abin na faruwa cikin ƙiftawar ido, sai an koma bidiyo kafin a tabbatar an yi ko ba a yi ba. Su da ke da kyamarori da ma'aikata ke nan. Kai da ke da talabijin uku da ƙaninka ɗaya mai taya ka karɓar kuɗi fa?

Kada kuma a ɗauka barin komai a buɗe ba shi da tsada. A wasan ƙarshe na EVO 2018 na Smash ɗin Wii U, Bayonetta da Bayonetta ne suka haɗu, 'yan kallo suka yi ta ihun ƙin amincewa, wasu suka tashi suka fice. Masu biyan kuɗi in ransu ya ɓaci tafiya suke yi, kuma wannan gaskiya ce a Las Vegas inda aka yi gasar, gaskiya ce a Unguwar Rogo. Mu ma nan mun san haka tun zamanin gem ɗin ƙwallo na PES 6, da shaguna da yawa suka ce ba a ɗaukar Inter saboda ƙafar hagun Adriano. Wannan dokar ta zauna lafiya ne don kowa na ganin rigar da aka ɗauka tun kafin a busa usur.

Abin da zan yi in shagon nawa ne

Bayan duba sigar gem ɗin, zan yi gwaji biyu a cikin mako ɗaya, a gaban kowa. Yaron ya ajiye Leroy ya buga wasa goma da wani jarumin da ya ɗan saba da shi. Sannan wanda ke bi masa a iyawa ya ɗauki Leroy na kwana bakwai. In duk wanda ya taɓa Leroy sai ya fara cin waɗanda da suke cinsa, to jarumin ne. In kuwa yaron ya ci gaba da share benci da Kazumi ko Paul, shi kuma ɗayan bai tsinana komai da Leroy ba, to hannu ne, kuma ba a hukunta yaro don ya fi sa'o'insa naci. Gani ya kori ji, masu surutu da yawa a nan za su yi shiru.

Akwai dalili guda na hana jarumi da bai shafi ƙarfi ba. Leroy ƙari ne da ake saya daban, don haka in a inji ɗaya kawai yake cikin ukun, ko kuma yawancin masu zuwa daga Gangare da Rikkos da Farin Gada ba su da shi a shagunan unguwarsu, to ba su samu damar koyon yaƙarsa ba. Irin wannan dalilin ne ya sa ba a barin Kratos a gasannin Mortal Kombat na 2011, don a injinan PlayStation kaɗai yake. Maganin wannan a wurina shi ne ka ware yamma biyu ko uku kafin gasa, ka buɗe wurin atisaye na gem ɗin, ka sa injin ya riƙa maimaita dukan Leroy da suka fi damun mutane, kowa ya zo ya gwada abin da zai rama da shi. Su koyi cewa ba a yi masa ruwan naushi ido rufe saboda yana kaɗe duka ya mayar, kamu da dukan ƙasa-ƙasa da ɗan jinkiri su ne ke takura masa, sandarsa kuma sau ɗaya yake iya zaro ta a wasa. Ka ba da rangwame a waɗannan ranakun, kuɗin zai dawo maka ranar gasa.

Sauran kariyar a tsarin gasar take. Wasa uku, wanda ya ci biyu ya wuce. Wanda ya ci wasa dole ya zauna da jaruminsa, wanda aka ci yana da damar canzawa, ka ga mai Leroy ba zai gudu ba, abokin karawarsa kuma na iya nemo wanda ya fi dacewa da shi. Kada mutum ya fita sai an ci shi sau biyu, don wanda ƙuri'a ta haɗa shi da yaron a zagayen farko kada ya ji kuɗinsa ya tafi a banza. In masu rauni sun yi yawa, raba gasar gida biyu kamar yadda ake raba 'yan dambe da nauyi, na gwanaye da na sababbin shiga, kowanne da kyautarsa. Ka rubuta abin da za a yi in wuta ta ɗauke a tsakiyar turmi, da hukuncin wanda ya danna maɓallin tsayar da wasa. Ka manna takardar a bango kafin ka karɓi sisin kowa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma gwajin ya nuna lallai sai an hana Leroy, ka sanar aƙalla mako uku kafin ranar, ka kira yaron gefe ka faɗa masa da bakinka kafin ya ji a bakin wasu, ka kuma bayyana cewa hanin na wannan gasar ne kawai, za a sake dubawa bayan an sabunta injinan.

Duk wannan na faɗe shi ne ban ga hannun yaron ba, kuma gogewata ta ƙananan zauruka ce irin naka, inda kowa ya san gidan su kowa, abin da ake ji a zuciya kan yi nauyi fiye da abin da ke kan takarda. Kai ka san yaranka, ka san wanda ke kuka da gaskiya da wanda ke neman a cire masa ƙaya daga hanya. In ka duba injinan, ka aiko mini da abin da ka gani a wurin zaɓen jarumai, tare da bidiyon wasa biyu ko uku na yaron da aka ɗauka da waya. In Allah ya yarda zan leƙo shagon wata Asabar bayan La'asar in zauna a bencin in kara da shi da kaina.